Iskar da ta juya a Bilma

Wata rana cikin watan Yuni, gab da jarrabawar ƴan CM2, muna bitar labarin ƙasa sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin zana ya san abin da ke biyowa: kaye cikin jaka, jaka bisa kai, kowa ya kama hanyar gida tun kara bai fara tashi ba. Ina cikin sallamar su sai wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu. Ta ce: "Mushe, tun safe iska daga yamma take busowa. To don mi hadari ke fitowa daga gabas? Kuma in ya wuce mu, ina yake zuwa?"

Na ce mata Dogon Dutsi yake zuwa, daga nan Yamai. Ta ce, "Daga Yamai fa?" Na ce ta ruga gida kar ruwa ya dake ta.

Ruwan nan shi ya cece ni ranar. A makarantar horon malamai an koya mana iska biyu, ta hunturu mai fitowa daga arewa maso gabas busasshiya, da ta damana mai fitowa daga kudu maso yamma da danshin teku, sai layin da suke gamuwa wanda muke rubutawa FIT a allo. Shekara da shekaru ina maimaita wannan ga yara, kuma daidai ne, sai dai bai amsa ko ɗaya cikin tambayoyin yarinyar nan ba. Bakans ɗin wannan shekara na kashe shi a karatu, kuma abin da na tsinta nake son in raba da malamai ƴan'uwana da iyayen yara.

Amsar a taƙaice ita ce, mafi yawan hadarin da ya wuce mu yana juye ruwansa ya mutu kafin ya yi nisa. Amma abin da ke taimaka masa ya tashi, wata lanƙwasa ce a cikin iskar sama, ita ba ta mutuwa da wuri. Tana ci gaba da tafiya yamma, tana tada sabon hadari a Burkina, a Mali, a Senegal, har ta faɗa tekun Atlantika. A can kuma kaɗan daga cikin irin waɗannan ke rikiɗewa su zama mahaukaciyar guguwar nan da muke gani a telebijin tana yaye rufin gidaje a Haiti da Amurka, wadda Faransawa ke kira siklon ko uragan.

Masu rubuta tarihin guguwar da ta faɗa wa arewa maso gabashin Amurka a 1938 sukan fara labarinsu daga wurin da ba wanda zai zata: Bilma. E, Bilmar kantu da dabino, inda ayarin raƙuma ke zuwa ɗaukar gishiri. A zamanin mulkin mallaka akwai masu auna yanayi a can, kuma ranar 4 ga Satumba 1938 sun lura iska ta sauya alƙibla. Ba abin da zai hana mutum barci ba ne. Kwana 17 bayan haka, ranar 21 ga Satumba, guguwa ta afka wa tsibirin Long Island kusa da New York da jihohin da ke arewa da shi, ta kashe mutum sama da 600, ta rushe dubban gidaje. Sai daga baya aka koma ana bin rahotannin jiragen ruwa da na tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin sawun ɓataccen raƙumi, har sawun ya ƙetare teku ya shigo Afirka. A 1939 wani Bafaranshe, Henry Hubert, ya wallafa rubutu a kan asalin guguwar Atlantika a Afirka. Yaƙin duniya na biyu ya ɓarke cikin shekarar, hankalin mutane ya koma wani wuri.

Kafin Bilma kuwa, an yi shekara sama da 400 Turawa na kallon wannan abu daga wutsiya. Mutanen asali na tsibiran Karayib, ƙabilar Taino, su suka fara sanin sa, kuma daga kalmarsu hurakan aka samo sunan da ake kiran sa da Faransanci da Ingilishi. A 1502 Kolumbus, wanda ya koyi karanta alamun teku a tafiye-tafiyensa na baya, ya gargaɗi gwamnan Santo Domingo, Nicolás de Ovando, cewa guguwa na tafe. Gwamna bai saurara ba, ya saki ayarin jirage kusan 30 zuwa Sipaniya, mafi yawansu suka nutse da dukiyar da ke ciki. A watan Oktoba 1780 wata ta bi ta Barbados da Martinik ta kashe mutum sama da dubu 20, kuma har yau ba a yi wadda ta kai ta kisa a Atlantika ba. Da yawa cikin mamatan bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Nan akwai abin da ke tsaya mini a rai: iskar nan mai busawa kullum daga gabas zuwa yamma bisa teku, wadda ta tura jiragen bayi daga gaɓar Senegal zuwa gonakin rake, ita ce dai ke tura guguwar ta bi su a hanya guda.

Wanda ya fara gane surar abin ba farfesa ba ne. William Redfield sana'ar sirdi ya koya. Bayan guguwar Satumba 1821 ya yi tafiya cikin jihar Connecticut, sai ya ga a wani yanki itatuwa sun faɗi suna fuskantar arewa maso yamma, a wani yankin kuma sun faɗi suna fuskantar kudu maso gabas. Iska guda, rana guda, yaya za ta kada itace gefe biyu? Sai in juyawa take. Ya wallafa wannan a 1831. Ga mu da muka tashi muna kallon ƴar guguwar bazara tana juyi da leda da ganye a fili, wannan ba zai ba mu mamaki ba, amma kar mu haɗa su. Tamu faɗinta ƴan taku ne, rayuwarta ƴan mintoci, kuma tana iya juyawa hagu ko dama. Ta teku faɗinta ɗaruruwan kilomita ne, tana yin sati ko fiye, kuma a arewacin duniya kullum saɓanin hannun agogo take juyawa, a kudanci kuma tana bin hannun agogo. Dalili shi ne juyawar ita kanta ƙasa, wadda ke karkatar da duk iskar da ta yi doguwar tafiya, abin da ake danganta wa lissafin Gaspard Coriolis na 1835. Wannan karkatarwa babu ita sam a kan layin tsakiyar duniya, ekwater, shi ya sa da wuya guguwa ta haifu sai an nisance shi da kilomita 500 ko fiye.

A Habana, babban birnin Kiyuba, wani limamin Katolika mai suna Benito Viñes ya riƙe tashar auna yanayi daga 1870 har rasuwarsa a 1893. Kayan aikinsa kaɗan ne, amma ya iya kallon sama. Ya lura cewa siraran gizagizan nan na can ƙololuwa, masu kama da gashin tsuntsu, suna bazuwa ne daga tsakiyar guguwa tun tana da nisa, don haka wanda ya bi inda suka taso zai san inda take da inda ta nufa. A 1875 ya fara fitar da gargaɗi a jarida, kuma yana dacewa har matuƙan jirgi suka dogara da shi. Almajiransa suka gaje shi. A 1900 Kiyuba na hannun sojan Amurka, kuma shugabannin ma'aikatar yanayi ta Amurka, waɗanda ke ganin ƴan Kiyuba masu zuzuta abu ne, suka sa aka hana su aika gargaɗinsu ta waya. Farkon Satumba guguwa ta ratsa tsibirin. Ƴan Kiyuba suka ce ta nufi cikin tekun Meksiko. Washington ta ce za ta karya arewa ta bi Fulorida. Ranar 8 ga Satumba ta sauka a Galveston, jihar Teksas, gari mai mutum kamar dubu 37, teku ya hau bisa garin, aƙalla mutum dubu 6 suka mutu. Duk sanda na ji wani ɗan boko yana yi wa tsohon manomi dariya don ya ce ruwa na tafe saboda tururuwa na kwasar ƙwai, nakan tuna Galveston. Ba cewa nake tsoho kullum yana da gaskiya ba. Amma wanda ya shekara sittin yana kallon sama guda ya cancanci a saurare shi kafin a yanke masa waya.

Daga 1940 abubuwa suka fara sauri, saboda yaƙi ya kawo jiragen sama da balan-balan mai ɗauke da ma'auni zuwa sama. Gordon Dunn a 1940, sannan Herbert Riehl a 1945 yana aiki a Puerto Rico, suka nuna cewa guguwa ba ta tashi haka kawai daga lafiyayyen teku. Akwai wata lanƙwasa a iskar gabas da ke zuwa duk bayan ƴan kwanaki, kamar igiyar ruwa, kuma cikin wannan igiya ake samun irin. A 1948 Erik Palmén, mutumin Finlan, ya nuna cewa sai ruwan teku ya kai zafin digiri 26 zuwa 27 irin ke tsirowa.

Ga yadda nake bayyana wannan wa yara. Teku mai ɗumi tukunya ce bisa murhu, tana fidda tururi. Tururi ya hau sama, ya yi sanyi, ya koma ɗigon ruwa, kuma a daidai lokacin da yake komawa ruwa yana sakin zafin da ya ɗauko daga teku. Wannan zafi na ƙara wa iskar wurin rashin nauyi, sai ta ƙara hawa. Wurin da ta bari a ƙasa, iskar gefe ta rugo ta cike shi, tana shafar teku tana kwaso sabon tururi, juyawar ƙasa kuma na karkatar da ita har ta koma kewaye. Haka abin ke ciyar da kansa. In iskar ta kai gudun kilomita 119 a awa an samu cikakkiyar guguwa, da idonta a tsakiya inda komi ke lafawa. Daga 178 ana kiran ta babba. Ɗumin ma ba na fatar ruwa kaɗai ake so ba, sai ya kai zurfin mita 50, don guguwa na dama teku, in ta tono ruwa mai sanyi ta kashe wutar kanta. Da ta hau tudu kuma an sauke tukunya daga murhu. Saboda haka uba ya kwantar da hankalin ɗansa: irin wannan guguwa ba za ta taɓa zuwa Maraɗi ko Tawa ba. Ko Kwatano da Legas ba hanyarta ba ce, suna kusa da ekwater, tekunsu na yin sanyi a tsakiyar damana, kuma iska yamma take kora komi.

To daga ina igiyar take fitowa? Ranar 1 ga Afrilu 1960 aka harba TIROS-1, tauraron ɗan Adam na binciken yanayi na farko da ya yi nasarar ɗauko hoton gizagizai daga sama. Cikin shekarun da suka biyo masana suka fara ganin tarin gizagizai a jere, ɗaya na bin ɗaya, suna fitowa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Toby Carlson ya bi sawunsu cikin ƙasa a 1969, kuma a 1972 Robert Burpee ya bayyana abin da ke haifar da su. Nan ne amsar tambayar yarinyata ta farko take.

A damana hamada na ƙuna, alhali iskar da ke bisa kurmin kudu da tekun Gini tana da sanyi da danshi. Mu muna tsakanin su. Wannan bambancin zafi tsakanin arewa da kudu yana haifar da wani kogin iska a sama, a tsawon kilomita 3 zuwa 4, mai gudu daga gabas zuwa yamma da saurin kilomita 40 zuwa 50 a awa. Mazauninsa wajen digiri 15 ne arewa da ekwater. Ku duba taswira: Tawa na kusan digiri 15, Damagaram kusan 14, Maraɗi da Yamai 13 da rabi. Wato bisa kawunanmu yake bi. Iskar da yarinyar ta ji tun safe daga yamma, ta ƙasa ce, kaurinta bai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, ita ke kawo danshi. Gajimaren hadari kuwa dogo ne, yana wuce kilomita 10, kuma kogin saman nan shi ke ja masa akala. Danshi daga kudu maso yamma, hadari daga gabas. Maginanmu sun san sakamakon tun kafin Burpee: bangon gabas shi ruwa ke ci, shi ake fara yaɓewa kafin damana.

Kogin nan ba ya tafiya miƙe. Yana lanƙwashewa kamar tafiyar maciji, kuma hadarin da ke tashi bisa duwatsu, a tsaunukan Habasha, a Jabal Marra na Darfur, a Ayar, a tudun Jos, yana zungurar sa. Kowace lanƙwasa igiya ce. Tsakanin wata da wata akwai kilomita dubu 2 zuwa dubu 4, suna wuce wuri guda duk kwana 3 zuwa 5, suna tafiyar kamar kilomita 650 a yini da dare. Manomin da ya ce a tsakiyar damana ruwa na yi ne ya huta kwana uku ko huɗu ya sake dawowa, ƙirgan igiyoyin nan yake yi bai sani ba.

Kimanin 60 ke faɗawa teku kowace shekara, amma kaɗan ke zama guguwa, kuma mun gode Allah da haka. Duk da ƙarancinsu, lissafin masana ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwar Atlantika daga gare su suke. Hugo ta bar gaɓar Afirka wajen 9 ga Satumba 1989, ta daki Gwadalup ranar 17. Andrew ta bar ta 14 ga Agusta 1992, ta isa kudancin Fulorida ranar 24. Irma ta 2017 ita ma ɗiyar wannan hanya ce.

Mi ke kashe sauran? Babban makashinsu shi ne saɓanin iskar sama da ta ƙasa. Guguwa na son ta tsaya miƙe, kai bisa gindi, kamar randar da maginiya ke ɗorawa zobe bisa zobe tana ɗanya. In wani ya tura bakin randar gefe guda alhali gindi na nan, ta wargaje. Haka in iskar da ke kilomita 12 a sama ta bambanta da ta ƙasa da fiye da kilomita 35 zuwa 40 a awa, sai ta yage kan gajimaren ta kai shi wani wuri, zafin da ya kamata ya taru a tsakiya ya watse. A shekarun El Nino, sanda gabashin tekun Pasifik ya yi ɗumi, wannan saɓani na ƙaruwa bisa Atlantika, guguwa ta yi ƙaranci. Makashi na biyu kuma daga gidanmu yake: iskar hamada busasshiya mai ƙura, wadda ke hawa bisa teku a tsawon kilomita ɗaya da rabi zuwa shida, musamman daga Yuni zuwa tsakiyar Agusta. In ta shiga cikin jaririyar guguwa sai ta shanye mata danshi. Ƙasa guda ke aika iri, ita ce kuma ke aika abin da ke ƙona shi. Sai ƙura ta lafa, teku ya kai iyakar ɗuminsa, sannan lokacinsu ke yi, shi ya sa ƙololuwar kakar guguwa ke faɗowa wajen 10 ga Satumba, sanda hatsinmu ke nuna.

Shekarar 1974 ta cancanci a tsaya a kanta. Mu nan abin da muke tunawa da ita fari ne da mutuwar dabbobi, da juyin mulkin 15 ga Afrilu da ya kawo Seyni Kunce. Cikin damanar wannan shekara dai, daga Yuni zuwa Satumba, ƙasashe kamar 70 suka haɗa jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama 13, da sansani a Dakar, don auna igiyoyin nan yayin da suke fita teku. Amurka da Tarayyar Sobiyat, da ba sa ga maciji da juna, suka yi aiki tare a wannan shiri da ake kira GATE. A shekarar kuma aka kafa cibiyar Agrhymet a Yamai. Wasu na neman sanin abin da ya hana ruwa zuwa, wasu na neman sanin abin da ke kawo guguwa, ashe tambayar kusan guda ce.

Wanda ya haɗa su fili shi ne William Gray na jami'ar jihar Kolorado. Shi ne tun 1968 ya tattara sharuɗɗan haifuwar guguwa, kuma ya fara fidda hasashen kaka a 1984, shekarar da iyayenmu ke kira El Buhari. Ni ina ƙarami lokacin, layin rabon tsaba kaɗai nake iya tunawa. A 1990 ya wallafa cewa daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa ƙarshen 1960, sanda yammacin Sahel ke samun ruwa sosai, manyan guguwa sun yi yawa, kuma a shekarun farin 1970 da 1980 sun ragu ƙwarai. A 1983 huɗu kacal aka raɗa wa suna a duk Atlantika. Wato shekarun da rumbunanmu suka bushe, su ne shekarun da mutanen gaɓar Fulorida suka saki jiki suna gina gidaje bakin ruwa. Daga tsakiyar shekarun 1990 wannan dangantaka ta yi rauni har masu hasashen suka daina dogara da ruwan Sahel shi kaɗai, don ba ruwanmu ne ke yin guguwa kai tsaye ba. Ɗumin teku da tsarin iskar sama ne ke juya su biyun. Wannan ma ya taɓa wani abu da aka daɗe ana koya mana, cewa awakinmu da gatarinmu ne suka kori ruwa. Binciken Alessandra Giannini da abokanta na 2003 ya nuna cewa sauyin zafin tekuna shi ne babban sanadin farin nan. Sare itace ɓarna ce, ina nan ina hana yara, amma na daina ɗora wa kakanninsu laifin 1973.

Damanar 2024 ta nuna mana ɗaya fuskar. Ma'aikatar yanayi ta Amurka ta yi hasashen kaka mai tsanani, guguwa 17 zuwa 25 masu suna, saboda teku ya yi ɗumin da ba a saba gani ba. Sai ga shi daga tsakiyar Agusta har sati na farko na Satumba, a daidai lokacin da ya kamata abin ya yi ƙamari, ba a samu sabuwa ko ɗaya ba, abin da rabon da a gani tun 1968. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suka bayar shi ne iskar damana ta hau arewa fiye da ƙa'ida, igiyoyin suka riƙa fita teku ta wajen Muritaniya, inda ruwa ke da sanyi kuma iskar hamada ke jiran su. Mu ba mu buƙatar a gaya mana damana ta hau arewa. Ruwa ya ci unguwanni a Maraɗi ƙarshen Agusta, tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba, Agadas ta ga ruwan da ba ta saba ba, madatsar Alau ta ɓalle a Maiduguri. A Nijar mutum sama da 300 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa. An ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, don azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka faɗi. Shirun da suka samu a can, mu ne muka biya kuɗinsa a nan. Daga baya Helene ta zo musu ƙarshen Satumba ta kashe sama da mutum 200, amma ita a yammacin Karayib ta haifu, don ba duka ne namu ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne wannan. Igiyar da ta bi ta kanmu yau, akwai masu kallon ta a Miami ta tauraron ɗan Adam, da ta taɓa teku za su sa mata lamba, su bi ta kwana goma, su gaya wa mai gida a Fulorida ranar da zai rufe tagoginsa. A 2006 masana daga ƙasashe da dama sun girke kayan awo a Yamai ƙarƙashin shirin AMMA don su ƙara fahimtar ta. Cibiyar ACMAD ta dukan Afirka a Yamai take. Ilimin yana nan cikin ƙasarmu. Amma uwar da ke kwana da yara biyar a ɗakin ƙasa a bakin gulbi, gargaɗinta har yanzu shi ne ƙurar da ke riga ruwa isowa da minti goma. Labarin meteyo na fita a rediyo, muna jin milimitan da kowane gari ya samu, sai dai wannan lissafin jiya ne. A ganina lakwal na da rabonta a nan: yaron da ya san hadari daga gabas yake tahowa, kuma yana iya cin kilomita 50 a awa, ya san amfanin kiran da kawunsa zai yi daga Damagaram da la'asar ya ce ruwa mai iska ya wuce su.

Da aka koma aji, yarinyar ta riga ta wuce kwaleji, sai na aika mata amsar a takarda ta hannun ƙanenta. Ƴan ajin da suka gaje ta kuma na maida musu labarin lissafi. Na zana taswira a allo, na sa ɗigo a Bilma, na sa ɗigo a Dakar, na rubuta kilomita 3250 tsakaninsu. Na ce igiya na tafiyar kilomita 650 a kwana guda, ta bar Bilma 4 ga Satumba, yaushe za ta isa teku? Suka duƙufa bisa alluna. Wani yaro da raba lamba ke ba wuya tun farkon shekara shi ya fara ɗaga nasa: kwana 5, ranar 9. Na buɗe takardar da na kwafo daga kundin guguwar Atlantika na karanta musu layin farko na ta 1938, inda aka fara rubuta ta a teku kusa da gaɓar Afirka ta Yamma, wajen tsibiran Kap Ber. Kwanan watan 9 ga Satumba ne. Yaron ya ce, "Mushe, a sake ba mu wata."